Aikin Yini Ɗaya, Abincin Kwana da Yawa

A kowane gida sai an ci abinci kullum. Amma ba kullum ne uwa take samun lokacin yin girki tun daga farko ba. Saboda haka mata suka koyi wata dabara: ranar da suka sami sarari sai su yi aiki mai yawa su ajiye, domin ranar da babu sarari. A wannan darasi za mu ga yadda ake yin haka a Bader Gula da sauran garuruwan ƙasar Dakoro, da yadda ake yi a birni. Za mu kuma ga abin da ya sa wani abinci yake daɗewa, wani kuwa ya lalace kafin gari ya waye.

1. Yinin uwa

Bader Gula tana cikin ƙasar Dakoro, a jihar Maraɗi, wurin da gonaki suke haɗuwa da dajin kiwo. Manoma da makiyaya suna zaune kusa da juna. Damina gajera ce, ba ta cika wuce wata 3 ba. Rijiyoyi suna da zurfi, har a wurare da yawa sai an ɗaura wa jaki ko raƙumi igiya ya ja wasaki. Iccen girki ma sai an yi tafiya kafin a samo shi.

Yara, ku dubi aikin tuwo guda ɗaya. A ɗebo hatsi daga rumbu, a sussuka, a sheƙe, a surfa, a bakace, a wanke, a daka, a tankaɗe. Duk wannan tun ba a hura wuta ba. Inda akwai injin niƙa an rage wahalar daka, amma sai an biya kuɗi, an kuma jira layi. Bayan haka ga ɗiban ruwa, ga wanki, ga goyo, ga tumaki da awaki. Da damina kuma ga noman gandu, ga na gamana. In uwa ta ce komi sai ta yi shi sabo kowace rana, yini ba zai ishe ta ba. Ko dai yara su kwana da yunwa, ko haki ya cinye gona. Dole ne ta yi tanadi. Amma abincin da aka ajiye yana da abokin gaba.

2. Me ke ɓata abinci?

Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, sai da madubin likita. A Faransanci ana ce musu microbes. Suna cikin ƙura, da ruwa, da hannuwanmu, da ƙafafun ƙuda. Wani masani na ƙasar Faransa, Louis Pasteur, wanda ya rayu daga 1822 zuwa 1895, shi ya nuna cewa su ne suke sa abinci ya yi tsami ko ya ruɓe. Wasunsu suna da amfani, wasu kuwa ƙwayoyin cuta ne masu kawo zawo da amai.

Abu biyu suke so ƙwarai: laima da ɗumi. In sun samu, ƙwaya ɗaya tana iya rabuwa ta zama biyu cikin minti 20. Ku yi lissafi. Bayan awa ɗaya ta zama 8. Bayan awa biyu ta zama 64. Bayan awa bakwai ta haura miliyan 2. Sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da digiri 60. A ƙasarmu kuwa, cikin watannin Afrilu da Mayu, zafin rana yakan wuce digiri 40. Shi ya sa miyar da aka bari a tukunya da bazara take saurin yin tsami.

To, mai son ajiye abinci yana da hanya biyu manya. Ko ya hana waɗannan halittu ɗumi, ko ya hana su laima. Mutanen birni sun fi bin ta farko. Iyayenmu mata sun ƙware a ta biyu.

3. Dabarar birni: sanyi

A Maraɗi da Yamai akwai gidajen da uwa da uba duka suke fita aiki tun da safe. Wata malamar makaranta ce, wata ungozoma ce a asibiti, wata tana da shago a kasuwa. A irin waɗannan gidaje, in akwai hali, ranar hutu akan dafa babbar tukunyar miya. In ta huce sai a raba ta cikin ƙananan kwanoni masu murfi, kowane kwano na cin rana ɗaya, a rubuta kwanan wata a kai, a sa a firigo. Ranar aiki sai a fiddo ɗaya, a tafasa, a tuƙa tuwo ko a dafa shinkafa. An yi tattalin lokaci, an yi na gawayi ko gas.

Sanyin iri biyu ne. Firigo yana riƙe abinci wajen digiri 4, kuma dafaffen abinci yakan yi kwana 3 ko 4 a ciki. Akwai kuma akwatin ƙanƙara, wanda ake ce wa congélateur a Faransanci. Sanyinsa ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri, abinci ya daskare kamar dutse, ya yi wajen wata 3 bai sake ɗanɗano ba. Wani Ba'amurke mai suna Clarence Birdseye ya ga yadda mutanen Labrador, a ƙasar Kanada, suke barin kifi ya daskare nan take cikin iskar ƙanƙara. Daga nan ya ƙera na'urar daskarar da abinci da sauri, kuma a 1930 aka fara sayar da irin wannan abinci a kantunan Amurka.

Sai dai ku riƙe wannan: sanyi ba ya kashe ƙwayoyin nan, barci kawai yake sa su. Da abinci ya narke sai su farka su ci gaba da aikinsu. Don haka abin da ya narke ya ɗau ɗumi ba a mayar da shi cikin ƙanƙara. In wutar lantarki ta ɗauke ta daɗe, mai firigo yana iya yin asarar duk abin da ya tara. A ƙauyuka da rugage da yawa kuwa lantarkin ma bai kai ba.

4. Dabarar gida: rana, wuta, gishiri da tsami

Abin da muke da shi da yawa shi ne rana. In an shanya abu, ruwan jikinsa ya fita, ƙwayoyin nan ba su da wurin zama. Ku leƙa ɗakin inna da kaka, za ku ga tanadin shekara. Ga kuɓewa an yanka an busar. Ga yakuwa, da lalo, da tafasa, da zogale, da garin kuka. Ga kauɗar tumatir, ga gabu na ganyen albasa. Ga daddawar batso, wadda ake yi da ƴaƴan yakuwa: a dafa su, a rufe su kwana, a daka, a dunƙula, a shanya. Ga yaji an daka shi tun tuni. Ranar da uwa ta dawo daga gona a gajiye, sai ta miƙa hannu ta ɗebo nan, ta ɗebo can, kafin ruwan tuwo ya tafasa miya ta yi. Aikin wannan miya an yi shi ne watanni da suka wuce.

Ganye ya fi son a shanya shi a inuwa, inda iska take kaɗawa. Rana mai zafi tana sa ya koɗe, tana kuma rage masa amfani a jiki. A shanya bisa tabarma mai tsabta ko faifai, nesa da kaji da awaki.

Makiyaya ma suna da tasu dabara. Da damina madara takan yi yawa, da rani ta ƙaranta. Madara kuwa ba ta yini cikin zafi. Sai matan Buzaye da na Fulani su zuba mata ɗan ruwan da aka jiƙa tumbin ɗan akuya mai shan nono a ciki, ta kama. Su tsane ruwan, su shimfiɗa ta fale-fale, su shanya. Wannan shi ne cuku, wanda yakan yi watanni. Man shanu kuma in an soya shi, ruwan cikinsa ya ƙone, sai ya daɗe a kwalba ko a gora.

Nama ma haka. Da layya ba a iya cinye rago rana ɗaya. Wani a soya shi ƙarau cikin kitsensa, wani a yanka shi siri-siri, a barbaɗa gishiri, a rataya a igiya. Gishiri yana tsotse ruwa, shi ya sa yake taimaka wa rana. Mahauta kuwa su yi kilishi: a fere nama, a shanya, a tsoma cikin haɗin tunkuza da yaji, a sake shanyawa, sannan a gasa shi kaɗan.

Fura ita ce babbar mai taimakon uwa da damina. Ta dafa ta, ta kirɓa, ta mulmula dawo mai yawa lokaci guda. Duk wanda ya ji yunwa sai a dama masa. Nonon da ake damawa da shi yana ɗauke da halittu masu amfani, waɗanda tsaminsu yake takura masu cuta. Amma dawo yana da laima, don haka ba ya daɗewa kamar cuku. Kwana ɗaya ko biyu ne iyakarsa, kuma damammiyar fura ba ta kai haka ba. Matafiyi mai nisa tukuɗi yake ɗauka, wanda ake haɗawa da garin hatsi da cuku da dabino.

5. Sanyi babu lantarki

Kun san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Dalili shi ne jikin randa yana tsattsafo kaɗan-kaɗan. In iska ta busar da wannan laima sai ta tafi da zafi, kamar yadda gumi yake sanyaya jikinku. Wani malamin makaranta na jihar Jigawa a Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya yi amfani da wannan sani. Ya sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Yalon da kan yi yaushi cikin kwana 3 sai ya kai mako 3 a ciki. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki. Dabarar ta fi ci da rani, lokacin da iska take a bushe, kuma sai an riƙa jiƙa rairayin safe da maraice. Ta dace da tumatir da tattasai da ganye. Sanyinta bai isa ajiye nama ko dafaffiyar miya ba.

6. Ɗumame da lafiyar ƙannenku

Tuwon da ya kwana ba a zubar da shi, ɗumame ake yi. Wannan ma tanadi ne, amma nan ne ake yawan yin kuskure. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fitar da ƙa'idodi biyar na kiyaye abinci. A wanke hannu da kwano. A raba ɗanyen nama da dafaffen abinci. A dafa abu ya dahu sosai. Kada a bar dafaffen abinci ya daɗe cikin ɗumi. A yi aiki da ruwa mai tsabta.

Saboda haka ɗumame ba ɗan ɗumi yake so ba. Sai miya ta tafasa, tuwo ya yi zafi har cikinsa yana tururi. Abin da za a ajiye a rufe shi, kada kuma a sa masa hannu. Wanda ya yi yauƙi, ko wari, ko fumfuna, a zubar. Jariri da ƙaramin yaro cikinsu ba shi da ƙarfi kamar na babba. Kunun yaro a dama masa sabo, da tafasasshen ruwa. In yaro ya kamu da zawo, a ci gaba da ba shi nono, a ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti, a kai shi wurin likita da wuri, domin zawo yana ƙarar da ruwan jikin yaro cikin ɗan lokaci.

7. Naku aiki

Hausawa sun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Tanadin gida ba na inna ba ne ita kaɗai. Yaro namiji ko mace yana iya tsinko ganye, ya yanka kuɓewa, ya tsare shanya daga kaji, ya kwashe ta in hadari ya taso. Yana iya samo icce ranar da ba makaranta, ya cika randa, ya kai niƙa. In an raba aiki, uwa ta sami hutu, ƴa mace kuma ba za a tsayar da ita gida ba ranar karatu. Lokacin wannan aiki shi ne kaka, sa'ad da ganye da kuɓewa suke da yawa kuma da araha. Da sanyin safiya ake kamun fara.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa biyu ne ƙwayoyin da ke ɓata abinci suke so?
2. In ƙwaya ɗaya tana zama biyu kowane minti 20, nawa za ta zama bayan awa uku?
3. Me ya sa cuku ya fi dawo daɗewa?
4. Me ya sa ba a mayar da abincin da ya narke cikin akwatin ƙanƙara?
5. Yaya ake yin ɗumame mai kyau?

Aiki

Ku tambayi inna ko kaka sunayen abubuwa biyar da ta ajiye don miya. Ku rubuta watan da ta shanya kowanne, da tsawon lokacin da yake yi bai lalace ba. Ku kawo aji mu gwada da na sauran gidaje.