Kafin Ki Zuba Kifi a Tankin Gidanki

Uwargida, akwatin gilashin nan mai murjani da kifayen teku masu launi da kike gani a waya abin sha'awa ne. Sai dai ruwan gishiri yake buƙata, wanda zafinsa zai tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 27, da injin juya ruwa dare da rana. A Gwandu da Kalgo kuwa, zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, ga ɗaukewar wuta. Kwana ɗaya ya isa kuɗinki su salwanta.

Kifin ruwan daɗi shi ne daidai da mu. Tarwaɗa ce ta fi juriya, domin tana iya shaƙar iska daga saman ruwa. Amma babba na cinye ƙarama, don haka ki sayi 'ya'ya masu girma ɗaya, ki riƙa ware waɗanda suka yi fice. Karfasa kuma akwai saurin haihuwa. In ta cika tanki, ba ta girma. Wajen saye, ki zaɓi masu kuzari, ki guji mai gyambo ko mai lafewa a gefe guda.

Ki ajiye tankin a inuwa, ki sa masa murfin raga mai ƙarfi da makulli. A aikin jinya mun san cewa ruwa kaɗan ya isa ya halaka yaro mai rarrafe, kuma ba za ki ji kukansa ba. Duk wanda ya taɓa ruwan, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.