Motar Kasuwa: Yadda Tsumma Ke Cin Jarin Mai Ita

Duk mai bin motocin kasuwa daga Icirnawa zuwa Matameye, ko Kance, ko Ɗan Barto a bakin iyakar Nijeriya, ya san abin da ake fara yi da asuba a tasha. Kafin a ɗora buhu ko ɗaya, yaron mota zai zaro tsumma daga ƙarƙashin kujera ya bi jikin motar yana gogewa a bushe, har sai ta ɗan yi haske. Mai motar yana gani yana jin daɗi, alhali kuwa a wannan lokacin ne ake rage ma dukiyarsa daraja.

Maganar ta shafi ƴan kasuwa kai tsaye, domin da yawa daga cikin waɗannan motoci, musamman ƙirar Toyota Hiace mai ɗaukar mutum 19, nasu ne. Wata ta alhajin hatsi ce, wata kuma ta hajiya ce da ta haɗa kuɗin adashi da ribar shekaru ta saya, ta damƙa wa direba. Galibinsu tsofaffi ne da aka shigo da su daga Turai ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano, kuma rufe iyakar Nijar da Benin a 2023 ya nuna wa kowa cewa samun wata motar ba abu ne mai sauƙi ba. Wadda ke hannu ita ce jari. Ranar da za a sayar da ita kuwa, mai saye jikinta yake fara dubawa kafin ya ce a tada inji.

Fentin mota ba shi da kaurin da ake zato. Idan aka haɗa shafin ƙasa mai hana tsatsa, da launin, da shafin sama mai sheƙi, dukansu ba su wuce kaurin takarda ɗaya ko ɗaya da rabi ba, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. Rairayin ƙasarmu kuma ya fi shi tauri nesa ba kusa ba. A ma'aunin taurin duwatsu da wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara a 1812, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, dutsen da rairayi ke fitowa daga cikinsa yana mataki na 7, gilashi kuma bai kai 6 ba. To abin da ke iya kartar gilashi, ina ga fenti?

Ga kuma ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, tun daga Nuwamba har zuwa Maris. Muddin ƙurar tana kwance a jikin mota, ɓarnarta kaɗan ce. Sai an danne ta da busasshen tsumma an ja ta, sannan take zama kamar takardar da kafinta ke goge katako da ita. Waɗannan ƙananan zane-zane da ake gani kamar saƙar gizo idan rana ta haska mota, daga nan suke fitowa. A hankali sheƙin ya dushe, launin ya koɗe, inda kartar ta yi zurfi kuma ruwan damina ya samu ƙofar shiga, tsatsa ta kama.

Saboda haka ƙa'idar farko ita ce ruwa ya riga hannu. A kai motar inuwa, da safe ko da yamma lokacin da ƙarfen ya huce, domin a kan ƙarfe mai zafi sabulu da ruwan rijiya suna bushewa nan take su bar tabo. A fara kwarara ruwa daga rufi zuwa ƙasa ba tare da an taɓa jikin ba, don ya tafi da rairayin. Kowa ya san darajar ruwa a jihar Damagaram, amma aikin ba ya bukatar tiyo: da buta ana iya bin motar sashe-sashe, kuma jarka biyu masu lita 25 sun isa idan an yi tattali.

Sai a ajiye bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ruwa zalla. Duk lokacin da aka wanke wani sashe, a ɗauraye tsumman cikin ruwa zalla a matse kafin a mayar da shi cikin na sabulu. Wanda ya leƙa gindin bokitin ɗaurayar bayan an gama zai ga rairayin da da ya koma jikin motar. A fara daga sama a sauko, a riƙa jan hannu a miƙe ba da dannawa ba. Ƙafafun mota da gindinta, inda laka da tsakuwa suke taruwa, su ne na ƙarshe, kuma da tsummansu daban. Tsumman da ya faɗi ƙasa kada ya koma jikin mota sai an wanke shi. A ƙarshe a ɗauraye, a tsane ruwan da ƙyalle mai laushi mai tsabta.

Abin da ake wankin da shi ma abin lura ne. Yankin buhun leda, da soson ƙarfe na tukunya, da soson wanka na gargajiya, duk suna karta. Tsohuwar riga ta auduga ta yi, amma a cire maɓalli da zif. Garin sabulun wanki irin su Omo an yi shi ne don tufafi, yana da ƙarfi, yana cire man da ke kare fenti. Akwai sabulun ruwa na mota a shagunan kayan gyara. Wanda bai samu ba sai gari, ya sa kaɗan, ya bari ya narke sarai, ya ɗauraye da kyau.

Mu fasinja ma muna da namu kason. Gishiri, da kanwa, da takin zamani, da fitsarin awakin da ake ɗaurewa a kan rufi, duk suna hanzarta tsatsa idan suka kwana a jikin ƙarfe. Jarkar manja ko ta man gyaɗa da ba a toshe bakinta da kyau ba tana tsiyaya, man ya riƙe ƙura. Damin rake da ake ja ta gefen mota, da igiyar da ke gugar wuri ɗaya tun daga Matameye har Damagaram, suna cin fenti har ƙarfe ya bayyana. Ɗan kwali ko tsohon bargo a ƙarƙashin igiya ya wadatar. Direbobi kuma su kula da ruwan birki da ruwan batir, waɗanda ke ƙona fenti, da kashin tsuntsaye idan an ajiye mota ƙarƙashin bedi ko gawo. Kashin tsuntsu jiƙa shi ake yi ya yi laushi a ɗauke, ba a kankarewa.

Mai mota na iya gwada kartar da ya gani da farce. Idan farcen ya wuce sumul, ta sama ce, man goge fenti zai rage ta. Idan ya maƙale, ta yi zurfi, a kai wa mai fenti ya rufe wurin tun kafin ruwan farko ya sauka, domin rigakafi ya fi magani.

Hajiya ko alhajin da ke karɓar kuɗin mota kowace yamma, ya dace wata rana ya sammako tasha ya ga yadda ake wanke ta, ya sayi bokiti na biyu da tsumma biyu masu kyau, ya kuma hana gugar bushe. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.