Ko akwai man fetur a ƙarƙashin ƙasar Kurfai?

Tun 2011 matatar SORAZ ta Damagaram ke tace man Agadem. To Filinge fa?

Kurfai na cikin babban kwarin Iullemmeden, wanda teku ya taɓa mamaye wani sashensa miliyoyin shekaru da suka wuce. Tekun nan ne ya bar farin dutsen da ake siminti da shi a Malbaza da Sakkwato. Irin wannan dutse kan riƙe mai a ƙofofinsa kamar yadda soso ke riƙe ruwa.

Sai dai dutsen kaɗai bai isa ba. A tsaunukan Zagros na Iran, inda aka gano mai a 1908, motsin ƙasa ya lanƙwasa dutsen ya zama kamar kifaffiyar ƙwarya, gishiri ya toshe samansa, man ya taru bai tsere ba. A yankinmu kuwa dutsen kusan a kwance yake, kuma bai nutse can ƙasa inda zafi ke dafa mai ba.

A yanzu dai, tabbataccen arzikin ƙarƙashin Kurfai shi ne ruwan Dallol Bosso da manoman rani ke dogaro da shi.