Zaɓen kayan fatsa: Abin da mai kamun kifi zai duba daga Yedzaram zuwa Binuwai

Mubi (Jihar Adamawa) – Da zarar damina ta ja baya a watan Oktoba, Kogin Yedzaram da ya ratsa garin Mubi kan fara janyewa, ya bar gurabun ruwa nan da can a tsakanin yashi. A lokacin ne masu fatsa ke yawaita a bakin kogin, wasu don samun na miya, wasu don na cefane.

Tambayar da kan sha wa sabon shiga kai ita ce wace sanda, wace igiya da wace ƙugiya ya kamata ya saya. Amsar ba ta rataya ga tsadar kaya ba. Irin ruwan da za a shiga da irin kifin da ake nema su ne ke yanke hukunci.

Kowane ruwa da kifinsa

Yedzaram ya taso ne daga tsaunukan da ke kudu maso gabashin Mubi, ya nausa arewa ta Bama a Jihar Borno, ya nufi yankin Tafkin Chadi. Kogi ne mai cika da damina, ya ƙafe da rani. Saboda haka kifayen da suka fi jure masa su ne irin su karfasa da tarwaɗa, wadda ke iya shaƙar iska kai tsaye idan ruwa ya yi ƙaranci.

Giwan ruwa kuwa, wanda ke iya wuce kilo 100 idan ya riƙa, yana bukatar ruwa mai zurfi da wadatar iska. Mai nemansa sai ya dangana da Kogin Binuwai ko Gongola, inda aka gina Madatsar Ruwa ta Kiri. A manyan kogunan ne kuma ake samun tsage, kifin nan mai haƙora kamar ƙusa. Kayan da suka wadatar a gurbin Yedzaram ba za su tsinana komai ba a gaban waɗannan biyu.

Ƙugiya da igiya

Lambar ƙugiya kan ruɗa masu saye, domin tafiyarta a juye take: yayin da lamba ke hawa, ƙugiya na ƙanƙancewa. Lamba 12 ta fi lamba 6 ƙanƙanta. Bayan lamba 1 sai lissafin ya sauya zuwa 1/0, 2/0, 3/0, inda girma ke ƙaruwa tare da lambar.

Karfasa ƙaramin baki gare ta, don haka ƙugiya daga lamba 8 zuwa 12 da siririyar igiyar roba mai ɗaukar kilo 3 zuwa 5 sun isa. Sandar gora mai laushin kai da ɗan toto mai nuna cizo sun cika aikin, a sa tana ko shinge a matsayin abinci.

Tarwaɗa a ƙasan ruwa take kiwo, galibi da dare, kuma da sansane take gano abinci. Tana bukatar ƙugiya daga lamba 1 zuwa 3/0, da igiya mai kauri, da ɗan gutsuren dalma da zai nutsar da abincin. Hanjin kaza ko yankan kifi sun fi jan hankalinta.

Fatsar gashin tsuntsu

Akwai wata hanyar da ta shahara a Ingila da Amurka, wadda ba a sa abinci a ƙugiya. Ana ɗaure gashin tsuntsu ko na dabba da zare a jikin ƙugiyar, har ta yi kama da ƙwaro ko ɗan kifi. Da yake irin wannan ƙugiya ba ta da nauyin da za a iya jefa ta, igiyar ce ake yi wa nauyi, ita ke ɗaukar ƙugiyar zuwa inda ake so.

Wannan ne ya sa sanda da igiya ke zuwa da lambar nauyi, kuma dole lambobin biyu su dace. Idan aka haɗa sanda mai lamba 5 da igiya mai lamba 10, jifa ba zai yi kyau ba, sandar ma na iya karyewa. Tsawon da aka fi amfani da shi ƙafa 9 ne.

A kogunan Amurka, masu neman kifin bas sukan zaɓi lamba 6 zuwa 8. A nan yankin, lamba 5 ko 6 ta dace da karfasa da ƙawara. Tsage na bukatar lamba 9 ko kusa da haka, tare da guntun waya tsakanin igiya da ƙugiya, in ba haka ba haƙoransa su datse igiyar nan take.

Hanyar ba baƙuwa ba ce a maƙwabta. A Kogin Faro na ƙasar Kamaru, wanda ke zuba cikin Binuwai, masu yawon buɗe ido kan kama giwan ruwa da ita bayan faɗuwar rana, da sanduna masu lamba 12 da manyan ƙugiyoyi masu siffar kifi. Sukan auna kifin su mayar da shi ruwa da ransa.

Sai dai hanyar ta fi aiki a ruwa mai haske, inda kifi ke farauta da ido. A jan ruwan damina na Yedzaram, tana ta fi gashin tsuntsu tasiri. Haka kuma kayan daga waje ake shigo da su, ga tsada, ko da yake ana iya ɗaure ƙugiyar a gida da gashin zakara ko na zabo.

Abin da doka ta hana

Zaɓen kaya bai tsaya ga ribar yini ɗaya ba. Dokar Kamun Kifi a Ruwayen Cikin Ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba, abubuwan fashewa da wutar lantarki wajen su. Ta kuma hana raga mai idon da bai kai milimita 76 ba, wato inci 3, in ban da wasu keɓaɓɓun nau'o'i.

Dalilin a fili yake. Gurabun da suka rage da rani su ne ma'ajiyar irin kifin da zai hayayyafa idan ruwa ya dawo. Wanda ya ja gidan sauro a ciki ya kwashe manya da 'ya'ya, wanda kuma ya zuba maganin ƙwari ya kashe kifin, ya jefa masu cinsa da dabbobin da ke shan ruwan cikin haɗari.

A nan fatsa ke da fifiko, domin ɗaya bayan ɗaya take kamawa, kuma mai ita na da damar sakin wanda bai isa ci ba. Danne ƙayar ƙugiya da filaya kafin a jefa ta na sauƙaƙa cire ta ba tare da yaga bakin kifin ba.

Kafin a kashe kuɗi a kasuwa, ya fi dacewa a fara tuntuɓar Sarkin Ruwa ko tsofaffin masuntan yankin kan irin kifin da ke gurbin da kuma wuraren da aka hana su a cikinsu. Bayan nan ne za a san lambar ƙugiyar da za a tambayi mai shago.