Me Ke Sa Babbar Kwamfuta Ta Sume?

Tun 2015, da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta, muka san darajar uwar garke, wato babbar kwamfutar da sauran ke karɓar tambayoyi daga gare ta. In ta tsaya, ɗaki duka ya tsaya. Haka ma bankunan Ƙofar Kaura.

A cikinta akwai zuciyar tsarin aiki, ana ce mata kanel. Ba ta jin yaren faifan ajiya sai ta bakin tafinta, wani ɗan shiri mai suna direba. To, ɗakinsu ɗaya. In direba ya taɓa wurin da ba nasa ba a ƙwaƙwalwar na'ura, kanel takan tsai da kome da gangan, don kada a rubuta shirme a faifai. Ranar 19 ga Yuli 2024, gurɓataccen fayil da ya shiga direban tsaro na CrowdStrike ya sumar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5.

Kada mu yi garajen kashewa da kunnawa. Mu fara kwafe lambar da ke allo. A Windows, 0x7B na nufin ta kasa kai wa ga faifan da take tashi da shi. Sannan mu tambaya, me aka canza jiya? In sabon direba ne, a mayar da tsohon. In ba a taɓa kome ba, mu duba waya da faifan kansa, domin ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu sukan lalata shi, a ɗora wa direba laifi.