Yadda Za A Kwance Eriyar Jirgin Ruwa Da Tsatsa Ta Kama

'Yan'uwa, ba kowace ƙungiya ce take da jirgin ruwa ba, amma wannan dabara za ta yi muku amfani ko a kan notin injin ban-ruwa ne.

A kan jiragen da ke shiga teku akwai wata doguwar sanda, wato eriya, wadda ake murɗa ta a kan wani ɗan akwati mai kama da gwangwani. Akwatin nan shi ne mahaɗa. A cikinsa akwai ƙananan kayan lantarki masu ƙara wa saƙo ƙarfi kafin ya bi waya ya sauka wurin matuƙi. Da irin wannan ne jirage suka riƙa gane inda suke ta hanyar Loran-C, har Amurka ta rufe tashoshinta a 2010, gama GPS ya karɓi aikin. Amma har yanzu akwai na'urori masu irin wannan gini, kamar na Navtex da ke karɓar gargaɗin hadari.

Sandar ba ta da tsada. Mahaɗar ce mai tsada, kuma da wuya a same ta. Saboda haka in dole ɗaya ta lalace, sandar ce za a sadaukar.

Me ya sa take kafewa? In ƙarfe iri biyu suka haɗu, ruwan gishiri kuma ya shiga tsakani, ɗaya yakan ci ɗaya. Farin gari yakan fito a jikin alminiyam, kore kuwa a jikin tagulla, ya cika tiredin tam kamar siminti.

Da fari a cire wayar batir, domin wutar mahaɗa ta cikin wayar eriya take hawa. A wanke gishirin da ruwan daɗi, a goge da tsohon buroshin haƙori. In tsatsar kore ce, a jiƙa tsumma da ruwan lemun tsami a naɗa a wurin, a bar shi kamar awa ɗaya, a ɗauraye, a shanya. Sa'an nan a ɗiga man kwance tsatsa, irin su WD-40, ko kananzir in babu. Ɗigo kaɗan a bakin tiredi ya isa, kada a yi wa akwatin wanka. A bar shi ya kwana. In da hali a maimaita har kwana biyu ko uku.

Ga inda yawancin mutane ke yin ɓarna. Sai mutum ya rungume akwatin da hannu ɗaya, ya murɗa sandar da ɗayan. Kusar da ke kan akwatin kuwa a cikin roba take zaune, kuma siririyar waya ce ke manne da ita daga ciki. Da ta juya, wayar ta tsinke ke nan, daga waje kuma ba za a ga kome ba. Lalle a yi aiki da sifana biyu: ɗaya ta riƙe notin ƙarfen da ke kan mahaɗa kada ya motsa, ɗaya ta kama gindin sandar. A ɗan ƙara ɗaurewa tukuna, sa'an nan a sassauta. Gaba kaɗan, baya kaɗan, ana ƙara mai. Kada a sa bututu a kan sifana don ƙarin ƙarfi.

Wuta kuwa, sam. Makanikai sun saba gasa notin da ya ƙi, amma a nan roba za ta narke, dalmar ciki ta saki.

In duk ta ƙi, a yanke sandar da zarton ƙarfe, a bar guntun gindinta. In guntun hula ne a kan kusar mahaɗa, a tsaga shi a tsaye sannu a hankali, a tsaya kafin zarto ya taɓa tiredi, a buɗe tsagar da sukundireba. Zai saki.

Kafin a ɗaura sabuwa, a goge tiredin, a shafa giris ko basilin kaɗan. A riƙa kwance ta sau ɗaya a shekara ana sake shafawa.