Abin Da Na Koya Game Da Majalisar Gundumar Croydon

 Hausawa sun ce gani ya kori ji. A hutun ƙarshen shekara na 2023 na ziyarci kawuna wanda ke zaune a Croydon, wata gunduma a gefen birnin Landan daga kudu. Wata rana na tarar da shi yana duba wata takarda, na ce, "Kawu, takardar mece ce wannan?" Ya ce, "Ta harajin gida ce, ɗana. Zauna in gaya maka inda kuɗin ke tafiya." Abin da ya bayyana mini, da wanda na karanta daga baya, shi nake so in kawo muku.

Birnin Landan an kasa shi gunduma 32, ban da tsohon gari na tsakiya. An kafa su ne a 1965, kowace da majalisarta. Croydon tana cikin mafi yawan jama'a, don ƙidayar 2021 ta nuna mutanenta sun kai wajen 390,000. An raba ta mazaɓa 28, waɗanda ke zaɓen kansiloli 70 duk bayan shekara huɗu. Wannan kalma ta kansila da muka saba da ita a ƙananan hukumominmu, daga can muka aro ta.

Aikin majalisar shi ne kwashe shara, da gyaran hanyoyin unguwa, da kula da ɗakunan karatu da wuraren shan iska, da ba da izinin gini. Amma abin da ya fi cin kuɗinta shi ne kula da tsofaffi da naƙasassu, da yaran da ba su da mai riƙo, da nema wa marasa gida wurin kwana. 'Yan sanda da motocin bas kuwa ba nata ba ne, suna ƙarƙashin Magajin Garin Landan baki ɗaya. Kuɗin aikin suna fitowa daga harajin gida, da harajin kantuna, da gudummawar gwamnatin tsakiya. An kasa gidaje aji takwas bisa darajarsu ta 1991, babban gida ya fi ƙarami biya.

Doka ta hana majalisa kashe abin da ya fi abin da take samu. To, a nan ne Croydon ta yi tuntuɓe. A zamanin da jam'iyyar Leba ke riƙe da ita, daga 2014, majalisar ta ci bashi mai yawa. Ta kafa kamfanin gina gidaje, ta ba shi rancen kusan fam miliyan 200, amma bai kawo mata riba ba. Ta kuma sayi otal da rukunin kantuna da nufin samun kuɗin haya. Da annobar korona ta zo, sai ciniki ya tsaya, asiri ya tonu. A watan Nuwamba na 2020, bashi ya kai kimanin fam biliyan ɗaya da rabi, babban ma'aikacin kuɗi ya ba da sanarwa cewa majalisar ba za ta iya daidaita kasafinta ba. Nan take aka dakatar da kowane sabon kashe kuɗi, sai wanda doka ta wajabta.

Jama'a ba su zauna sun zuba ido ba. A da kansiloli ne ke zaɓen shugaba a tsakaninsu. A 2021 aka yi ƙuri'ar raba gardama, wajen kashi 80 cikin ɗari na masu jefa ƙuri'a suka ce sun fi son su zaɓi magajin gari da hannunsu. A zaɓen 2022 Jason Perry na jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ya ci wannan kujera, alhali kuwa Leba ta sami kansila 34, jam'iyyarsa 33, ƙananan jam'iyyu suka raba ukun da suka rage. Wato ba wadda ta sami rinjaye. Duk da canjin shugabanni, bashi bai gushe ba. A 2023 gwamnati ta yarda aka ƙara harajin gida da kashi 15 cikin ɗari. Takardar da na gani a hannun Kawu ke nan.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a zaɓen irin waɗannan majalisu a Ingila, wajen mutum ɗaya cikin uku ne kawai ke fita jefa ƙuri'a, ko da yake ƙofar zauren taro a buɗe take ga kowa ya shiga ya saurara. Amma ranar biyan haraji, wanda ya yi zaɓe da wanda bai yi ba duk suka biya.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma muna da ƙananan hukumomi 774. Ina roƙon iyayenmu su san sunan kansilansu, su tambayi yadda ake kashe kuɗin jama'a tun kafin a ci bashi da sunansu. Mu kuma ɗalibai, gobe mu ne masu zaɓe. Allah Ya ba mu shugabanni masu amana, amin.